Numfashin da Zuhura ta Koya Mata

Litinin, 23 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

Zuhura ce ta ba ni wannan kaye, littafin rubutu, da bik na rubutawa. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana aiki likitar Mayahi, wato asibitin can, ta ɗauki hutun wata guda ta zo mana nan Maijirgi. Ta ce, "Yaya, duk sa'ad da tsoron ya taso wa Nabila, ki rubuta rana da ƙarfe nawa, da abin da ya tada shi." Bakinta na kwaikwayo, shi ya sa sunan ya fito. Ni ba na faɗarsa, ɗiyar fari ce.

To ga shi. Yau ƙarfe tara an tada injin niƙa na gidan Mai Nasara, yarinyar ta toshe kunne ta shige bayan rumbu jikinta na rawa. Minti nawa ta yi? Ban duba ba. Shekara goma sha biyar ina wannan aiki ba agogo ba kaye.

Laraba, 25 ga Satumba, bayan azahar

Wai sunansa otizim. Sai da Zuhura ta je Yamai ta yi horo na watanni sannan ta dawo ta gaya mani abin da na sani tun yarinyar na goye: ba iska ba ce, ba sammu ba ne, halittarta ce haka. Sanda dangin babanta suka so a kai ta gidan bori a Kona, wa ya tsaya ƙofar ɗaki ya hana? Ni. Lokacin Zuhura na lakwal, makarantar boko, tana kuka an ƙwace mata alli.

Ta ce halittar ba a canza ta, amma tsoron da ke kama ta ana iya koya mata zama da shi. Na ce to, mu gani.

Abin da na gani ke nan. Sun shimfiɗa tabarma gindin darbejiya. Zuhura ta ba ta ƙwanson gyaɗa ɗaya, ta ce ta duba shi, ta shafa shi, ta girgiza a kunne, ta ɓare a hankali, ta sa ƙwaya ɗaya a baki kada ta tauna tukuna. Sannan ta ɗora hannu bisa ciki ta ji numfashi na shiga na fita. Gyaɗa ɗaya, rabin awa! Ga tari can tsakar gida na jiran ɓara. In da haka ake cin gyaɗa da ba mu taɓa saye ba.

Amma ta zauna. Rabin awa cur, ba ta tashi ba. Ni in na ce ta zauna in tsefe mata kai, kafin in ɗauko mashaci ta tsere.

Alhamis, 26 ga Satumba, hantsi

Zuhura ta ce, "Yaya, zo ki zauna da mu, iyaye ma ana koya masu." Na ce ita za ta daka mani hatsin?

Asabar, 28 ga Satumba, ƙarfe huɗu

Bari in rubuta tawa dabarar, tunda ba wanda ya tambaye ni. In abin ya taso, nakan kwance zanen sama in lulluɓe ta da shi, in zauna bayanta in rungume ta gam, ƙirjina a bayanta, muna lilo har jikin ya saki. Ni na gano shi, tana shekara uku. Babanta bai iya ba, Inna mahaifiyarmu ba ta iya ba. Ko ina nake, rijiya ko gona, sai a rugo a ce Asiya zo. A gaban mutane ba na kallonta, ba na yi mata magana, kamar yadda kowace uwa ke yi da ɗan fari. Amma cikin zanen nan ba mai ce mani mara kunya. Nan kaɗai nake riƙe ɗiyata son raina.

Zuhura ta ce ita ba ta taɓa ta sai ta tambaye ta. Ta faɗa a hankali, tana kallon hannun yarinyar na hagu. Hannun ya warke. Tun bayan sallar layya aka kwance karan ɗorin. Ta girma ne, ta yi ƙarfi, ranar wani taron suna ga lasifika ga maroƙa ga mata cike da gida, tana fizgewa ni kuma ban saki ba. Ba zan ƙara rubuta maganar ranar nan ba.

Lahadi, 29 ga Satumba, da safe

Babansu ya yanka wa Zuhura zabuwa. Ni haihuwa biyar na yi a gidan nan.

Talata, 1 ga Oktoba, ƙarfe tara da rabi

An tada inji. Na ajiye taɓarya, hannuna ya riga ya kai ga zane. Ta toshe kunne, ta yi taku uku wajen rumbu, sai ta tsaya. Ta zauna ƙasa, ta sauke hannu ɗaya ta ɗora bisa ciki. Na ji tana cewa, "Tsoro ne. Yana ƙirjina. Ƙafata na ƙasa. Ina jin inji, ina jin akuya, ina jin Mama ta daina daka." Tana lilo, tana numfashi. Zuhura na bakin ƙofa ba ta ko matso ba.

Ta tashi da kanta ta koma tsintar gyaɗarta, mai ƙwaya biyu gefe, mai uku gefe, yadda take so. Ni ina tsaye da zane a hannu sai ka ce mai shanya.

Na ce alhamdulillahi. Wallahi na faɗa. Amma da na koma daka, sai da na kusa fasa turmin.

Laraba, 2 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau bai yi ba. Yara sun fasa kwano kusa da ita, ta yi ihu ta buga kai a bango sau biyu, numfashin bai zo ba, ni na lulluɓe ta. Zuhura ta ce haka abin yake, wata rana ya yi wata rana ya ƙi, sai an daɗe ana maimaitawa.

Na daka fura mai kyau yau, har da citta da kanumfari. Ina daka ina waƙa. Sai da na gama na gane dalilin waƙar, na ji kunyar kaina.

Juma'a, 4 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya

"Anti Zuhura ta ce." "Anti Zuhura ba haka take yi ba." "Ƙarfe nawa Anti Zuhura za ta tashi?" Tun safe yarinyar ta ambace ta sau goma sha ɗaya. Na ƙirga.

Lahadi, 6 ga Oktoba, bayan azahar

An kira Zuhura wurin aiki, za ta yi kwana uku Mayahi. Kafin ta tafi ta ɗauki muryarta cikin salulata, wai yarinyar ta riƙa saurare safe da la'asar ta bi. Na saurara ni kaɗai a madafa. Murya ƙasa-ƙasa, a hankali, kamar mai lallashin amarya. Wannan Zuhurar da ta tashi da baki kamar reza, wadda na goya har bayana ya yi kanta! Yanzu ita ce mai sanyin murya.

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe biyar

Na ce mata salula ba wuta. Da wuta. Tana cikin tukunyar daddawa, na rufe da faifai.

Na zaci za ta rikice, ta neme ni. Ta tsaya ta yi ta kallon inda nake ajiye salular. Sannan ta ɗauki tabarma ta tafi gindin darbejiya a kan lokaci, ta zauna, ta buɗe baki. La ilaha illallahu! Muryar Zuhura ce ta fito. Kalma bayan kalma, inda ta ja ta ja, inda ta tsaya ta tsaya, har ɗan tarin da Zuhura ta yi a tsakiya sai da ta yi shi. Tun tana ƙarama haka take, abin da ta ji sau biyu ya zauna. Da labaran rediyo take maimaitawa.

Na ɓoye ƙanwata cikin tukunya, ta fito ta bakin ɗiyata. Na je na ɗauko salular na goge mata warin daddawa na ajiye inda take.

Talata, 8 ga Oktoba, da safe

Ba abin rubutawa. Ba ta firgita ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan la'asar

Zuhura ta dawo, ta zo da magana. Ba ni ta fara gaya wa ba, Inna ta fara samu, Inna ta samu babansu, ni sai a bakin ƙaramar ɗiyata na ji. Wai a Mayahi akwai samari da ƴan mata shida irin yarinyar, suna haɗuwa duk mako su yi wannan zaman tare. Wai akwai wani mushe, malamin aji, da ya yarda ya karɓe ta lakwal, ya ba ta wurin zama kusa da ƙofa, in ƙara ta yi mata yawa ta fita ta dawo. Shekara guda ke nan ba ta je lakwal ba, ita da ke gyara wa babanta lissafin damman hatsi. Wai a ba Zuhura riƙonta.

Zuhura shekara tara da aure Allah bai ba ta haihuwa ba. Kowa ya san ba a hana ƴar'uwa irin wannan ɗa. Da ta ce tana son Hafiz ko Zara'u, da kaina zan ɗaure masu kaya. Ga su nan huɗu suna cika mani kunne. Amma sai ta zaɓi wadda ba ni da bakin cewa a'a a kanta.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta san yarinyar ba ta cin miyar yauƙi? Ta san in an juya mata takalmi ba ta fita ranar?

Juma'a, 11 ga Oktoba, hantsi

Na tsawata wa Zuhura a kan ta bar murfin randa buɗe. Na yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta ce, "Yi haƙuri Yaya," da wannan sabuwar muryar tata. Da ta rama da na fi jin daɗi.

Lahadi, 13 ga Oktoba, ƙarfe uku

An yi zaman. Ɗakin Inna, da babansu, da wansa, da Zuhura, da ni can bakin ƙofa. Yarinyar na waje jikin bango tana jera gyaɗa, ba wanda ya kula tana ji.

Inna ta ce, "To Asiya, ke me kika ce?"

Me zan ce? Gaban uwata, gaban yayan mijina, in buɗe baki in ce ina son ɗiyar fari kusa da ni? Gobe a yi da ni a rijiya. Na sunkuyar da kai na ce, "Me nawa a ciki, Inna? Ɗiyarku ce. Ku huta da ni ma."

Haka ake faɗa. Kowa ya san haka ake faɗa, kuma kowa ya san ana ƙara tambaya, a kewaya, a aiko wata tsohuwa ta same ki ke kaɗai ta ji cikinki. Ina jiran wannan. Sai yayan babansu ya ce madalla, Allah ya yi albarka, a shafa fatiha.

Ana ɗaga hannu sai ga ta tsaye bisa kaina. Ba ta kalli kowa ba, bango take kallo, ta ce, "Mama ƙarya take yi. Ba ta so in tafi. Jiya ta yi kuka a madafa ba albasa."

Na shiga uku! Inna ta rufe baki da gyale, ban sani ba dariya ko salati. Na so ƙasa ta tsage. Amma can ƙasan raina wani abu ya yi tsalle, na ce ga ta nan, ta ƙwato mu, ta faɗi abin da na kasa.

Inna ta ce, "To ke ƴar nema, sai ki zauna wurin uwarki?"

Ta ce, "A'a. Zan tafi. Ina son lakwal. Kuma Mayahi ba a riƙe ni."

Ta koma wurin gyaɗarta.

Litinin, 14 ga Oktoba, da safe

Mayahi ba a riƙe ni.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan azahar

Kwana uku ban yi wa Zuhura magana ba. Ina zuba mata tuwo in ajiye in juya. Babansu ya ce, "Wai ke ba ki son lafiyar yarinyar nan ne?" Na ce ya bar kaza cikin gashinta.

Ina so. Wa ya fi ni so? Abin da ban so ba shi ne ta samu lafiyar a hannun wata. Ga shi na rubuta, kayen nan ba shi da baki. Kishi nake da ƙanwata, kishi mai ɗaci, irin wanda ban taɓa yi a kan namiji ba. Ina kishin muryarta, da haƙurinta, da takardar da ta samo Yamai. Ina kishin yadda take kiran sunan yarinyar tsakar gida da ƙarfi, kowa na ji, ba komai.

Kuma na duba shafin ƙarshe na kayen nan, inda nake jan layi duk sa'ad da abin ya taso, tunda aikin da aka ba ni ke nan. Makon farko sau shida abin ya kayar da ita. Makon nan sau biyu. Da hannuna na rubuta, ba wanda zan ce ya yi mani ƙarya.

Juma'a, 18 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Na tambaye ta. Mu biyu bayan rumbu, ina tankaɗe. Na ce, "Ba ki son in lulluɓe ki?" Ta ce, "Ina son zanen. Yana da nauyi, yana da warinki. Ba na son hannun, ba ya sakewa in na gama." Na ce tun yaushe? Ta yi lissafi ta ce, "Shekara huɗu." Na ce me ya hana ta gaya mani? Ta ce, "Ba ki tambaya ba."

Na ci gaba da tankaɗe. Garin ya yi laushi tuni.

Lahadi, 20 ga Oktoba, hantsi

Gobe za su tafi. Zuhura ta same ni madafa ta ja kujera ta zauna, ta kori yara. Ta ce, "Yaya, ba Inna, ba kowa, ni da ke ne. In kin ce a'a wallahi na bar ta, ni zan san abin da zan gaya masu. Ba ƙwace na zo yi ba." Muryarta ta da ce, ta gidanmu.

Ga tsohuwar da nake jira ta zo, kuma ita ce. Kalma ɗaya ta rage mani. Na daɗe ina juya miya. Na tuna lakwal, na tuna karan ɗori.

Na ce, "Ɗauko takarda." Ta ce ta me? Na ce ɗauko dai. Na fara: ba ta cin yauƙi. Kunu sai ya huce, kuma a kofi ɗaya kullum. Kada a juya mata takalmi. In za a yi baƙi a gaya mata tun jiya. In ta yi shiru tana murza kunnen dama, ciwon ciki ne, ba za ta faɗa ba. In tana dariya ita kaɗai a bar ta, daɗi take ji. Ranar wata in ya zo mata ba ta son a yi magana, a ajiye mata kaya a fita. Na yi ta yi har miya ta kama, ta cika shafi uku.

Ta ce, "Yaya, rabin wannan ban sani ba." Na ce na san ba ki sani ba. Sai ta fashe da kuka, ni ma na fashe, na ce ta tashi ta ba ni wuri ta ƙona mani miya.

Ban daina kishin ba. Amma wannan karon da na ce ta tafi da ita, ba don kunya na faɗa ba.

Litinin, 21 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Ban raka su tasha ba, uwa ba ta raka ɗiyar fari. Babansu ya kai su da amalanke bakin hanya, za su hau mota zuwa Tasawa, daga can su kama ta Mayahi. Da ta zo fita ta tsaya nesa da ni taku biyu ta ce, "Mama, na tafi." Na ce Allah ya kiyaye hanya, ina kallon turmi.

Da ya dawo na tambaye shi ko motar ta cika, ko an samu wuri, ko direban mai hankali ne. Ya gane. Ya ce yaron mota ya yi ta buga oda, ta toshe kunne ta daskare, har ya zaci sai an dawo da ita. Ta tsaya bakin titi hannu bisa ciki tana ƴan maganganunta, direba na masifa, Zuhura ta ce a jira. Aka jira. Ta hau da ƙafarta.

Na ce madalla.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe tara

An tada inji. Na ajiye taɓarya na juya.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan la'asar

Zuhura ta kira. Sun isa lafiya, ta ci, ta yi barci, ta je ta ga ajin da kujerarta. Na tambayi zafin Mayahi, na tambayi mijinta, na tambayi kuɗin hatsi a kasuwarsu. Na ƙare tambaya ban kashe ba.

Ta ce, "Yaya, tana nan kusa. Na ce ta zo ku gaisa, ta ce a'a. Ta ce ta riga ta sa maki lokaci: Juma'a ƙarfe huɗu, kowace Juma'a, ita za ta kira da kanta. Ta rubuta a bango. Kin san ta, ba za ta yi kafin nan ba, kuma ba za ta wuce da minti ɗaya ba."

Na ce na san ta. Ina jin ta can baya tana magana da wani, da tata muryar, ban ji me take cewa ba.

Yau Talata ce tukuna.